Farar Wutar Ɗanliti Mai Fenti

Duk wanda ya bi ta Kwanar Dangora a shekarun nan da kaya suka yi tsada, kamfanoni suka yi ta rufewa, ya ga rumfar Ɗanliti mai fenti ko da bai kula da mai ita ba. Tana bayan masu faci, daidai inda manyan motocin da suka ɗauko masara daga Doguwa suke tsayawa inji ya huce kafin su miƙi hanyar Kano. Rumfar tsohon kwano ce, da benci ɗaya mai gurguwar ƙafa, da gwangwanayen fenti a jere kan wani katako. Mai rumfar dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa, hannayensa duk ɗigo-ɗigon tabon ƙuna. In kana yi masa magana sai ya karkata kai gefe guda, har baƙo ya ɗauka raini ne. Ba raini ba ne, idon dama yake juyo maka, don shi kaɗai ke da sauran aiki.

Mutumin Kafin Maiyaki ne. Gidansu noma suka gada, amma shi tun yana ƙarami aka ga hannunsa bai dace da fartanya ba. Bangon zauren ubansa ya sha gawayi, bayansa kuma ya sha tsumagiya, kuma tsakaninsa da tsohon babu wanda ya fasa. Da ya tasa sai ya maƙale wa wani mai rubutun mota, ya koyi haɗa launi da jan layi, har ya fara karɓar ƙananan ayyuka na kansa. Ya auri Asibi, 'yar maƙwabtansu, mace mai saurin hannu da saurin baki.

A 1981 ya tafi Kano cin rani, da niyyar dawowa kafin ruwan shuka. Shekara bakwai ya yi, sai dai ya leƙo gida da salla. Wani ɗan garinsu ne ya kai shi wani kamfani a bayan gari, inda ake narka tsofaffin ƙarafa a fitar da rodin gini. Aikinsa na farko tsinta ne. Tirela za ta juye tsibi guda: ƙarafan matattun motoci, gadajen ƙarfe da suka gama ganin haihuwa da jinya, garmar shanu da ƙasa ta cinye wa baki, kan keken ɗinki, kwangirin da ba a tambayar inda aka samo shi. Su kuma su ware, wannan zai shiga wuta, wancan ba zai shiga ba. Daga nan ƙugiya ta kwasa ta zuba a tanderu, wata ƙatuwar tukunya da ta fi ɗakin kwana girma, wadda ba itace ake hura mata ba, lantarki ne. In aka kunna ta, ƙararta kan sa mutum ya ji haƙoransa suna rawa.

Akwai na'urar da ke auna zafin narkakken ƙarfen, amma ta lalace a shekararsa ta biyu, aka ce an aika ƙasar waje a kawo wata. Har aka rufe kamfanin tana kan hanya. Dole aka koma ga ido, kuma heluman wurin, wato shugaban leburori, ya riga ya lura dogon nan na wajen tsinta yana rarrabe launukan da kowa ke gani iri ɗaya. Aka ɗauko shi aka tsayar a bakin wata 'yar taga a jikin tanderun, aka ba shi gutsuren shuɗin gilashi ya riƙa leƙawa ta ciki. Gilashin ya fashe, aka ba shi wani, shi ma ya fashe. Daga nan ya ci gaba da leƙawa da idon da Allah ya ba shi, yana ƙanƙance shi. Babu wanda ya ce masa kada ya yi, shi ma bai tambaya ba.

Abin da ya gani ta tagar nan shi ya zame masa ciwo na biyu, bayan na idon. Mu da muka san wutar murhu da ta maƙera mun ɗauka wuta ja ce. Ɗanliti ya ce ja farkon tafiya ne kawai. Ƙarfe kan yi ja, ya koma ruwan goro, ya koma rawaya, rawayar ta yi ta washewa har ta ƙare, sai wani fari ya fito wanda babu shi a kowane gwangwanin fenti. A nan ne zai ɗaga hannu, a karkato tanderun, ƙarfen ya kwararo cikin tukunyar zubi, mutanen da ke tsaye kewaye su koma baƙaƙen inuwoyi marasa fuska. Tsohon gado da garma da kwangiri duk sun zama abu guda mai haske, ba ka iya cewa ga wannan ga wancan. Sau uku a yini yake ganin haka, shekara biyar cur, kuma bai taɓa sabawa ba.

A 1988 aka tara su a bakin ƙofa aka ce aiki ya tsaya na ɗan lokaci, za a neme su. Ya dawo gida da akwatin ƙarfe, da rediyo, da tari, da idanu masu zubar ruwa ko babu hayaƙi. Ya jira a neme shi damina ɗaya, sannan ya haƙura, ya kafa rumfa a Kwanar Dangora ya koma sana'arsa ta fari. Asibi ta kafa tukunyar shinkafa da wake a gefen rumfar, don ta ce ba za ta zauna gida tana jiran abin da buroshi zai kawo ba.

Abin da direbobi ke so a ƙyauren bayan motarsu sananne ne. Zaki da buɗaɗɗen baki, ko dawisu, ko jirgin sama yana keta gajimare, ko dutse da rafi da rana tana faɗuwa, a ƙasa a rubuta addu'ar kiyaye hanya. Ɗanliti ya zana zaki ya fi sau ɗari biyu, kuma bai taɓa ganin zaki ba. Abin da ya gani da idonsa, har ya ba da idon a kansa, shi ne babu mai tambaya. Wannan ya dame shi ƙwarai. Ba yabo yake nema ba, kuma ba ya kewar kamfanin da ya tsotse shi ya yar. So yake kawai wani mutum ɗaya a duniya, ban da shi, ya kalli abin nan ya san mene ne, kafin idon da ya gan shi ya rufe.

Ya gwada ba da labarin da baki, bai yiwu ba. Asibi ta ji shi har ta haddace.

"Malam, na ji. Fari ne, ya fi fari fari," in ji ta, tana kwasar shinkafa. "To ni dai farin da na sani na shinkafar nan ne, shi ma ya fara gagarar mutane."

A 1990 wani direba mai sauri ya bar masa ƙyaure ya ce ya zana duk abin da ya ga dama. Ɗanliti ya yi kwana huɗu a kai. Sai dai ya ji tsoro, ya ga in ya sa fari ba wanda zai gane wuta ce, don haka ya cika ja da rawaya, ya jera baƙaƙen mutanen nan a gindin tukunya. Bayan mako guda direban ya dawo yana huci. Ya ce a Tudun Wada wani dattijo ya tsaya bayan motar ya yi salati, ya ce wa ya zana wutar lahira da mutanen cikinta, daga nan masu kaya suka ƙi loda masa, mata suka ƙi hawa. Ɗanliti bai yi musu ba. Ya shafe aikin kwana huɗu da shuɗin fenti, ya ɗora zaki a kai. Labari ya zaga tasha, har limamin masallacin tasha, bayan sun gaisa wata Juma'a, ya riƙe hannunsa ya ce a hankali, "Malam Ɗanliti, abin da ba mu gani ba, mu bar wa Mai shi." Ya amsa da to. Ina amfanin cewa ya gani?

Idon hagu ne ya fara tafiya. Yanar ido ce ta rufe shi, wani mai cire yana da ke bin kasuwanni ya tsikara shi da allurarsa, ya yi kwana uku yana gani tar, daga nan ya mutu gaba ɗaya. Na dama Asibi ta hana kowa taɓawa, ta tasa shi gaba har asibitin ido a Kano. Likitan ya haska, ya tambaye shi aikin da ya taɓa yi, ya girgiza kai. Ya ce ba yana kaɗai ba ce, wuta ta ci can ciki, ko an yi aiki ba zai dawo ba. Ganin da ya rage masa na damina ɗaya ne, in an yi sa'a, biyu. Wannan a farkon 1994 ne. A motar dawowa, da suka wuce Bebeji, Asibi ta ce ta manta ba ta sayo gishiri ba.

Daga nan zakokinsa suka fara lalacewa. Wani ya fito da ido ɗaya sama ɗaya ƙasa, wani aka ce ya fi kama da tunkiya. Direbobi suka riƙa wuce rumfar suna ɗaga masa hannu daga nesa, irin gaisuwar da ake yi wa wanda ake jin kunya. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Yakan zauna kan bencin nan tun hantsi har la'asar yana juya buroshi a hannu.

Rufa'i ne ya zo masa da aiki, ana tsakiyar damina. Direba ne mai tsohuwar gingimari tasa ta kansa, yana jigilar masara tsakanin Doguwa da Kano, mutum mai fara'a wanda bai damu da ƙawa ba. Injinsa ya sauka, makanikai sun ce sai kwana goma, ga shi ya yi sabon ƙyauren baya na ɗanyen katako.

"Baba, ni dai a rufe min katakon nan kada ruwa ya cinye shi," in ji Rufa'i. "Ka zana abin da ya sauƙaƙa. Amma don Allah ban da jan nan naka, ina da iyali."

"Ba za ka ga ja ba," in ji Ɗanliti.

Aka jingine ƙyauren a cikin rumfa. Ɗanliti ya san wannan ne na ƙarshe, don haka bai ji tsoron kowa ba wannan karon. Ya fara da baƙi, ya rufe katakon duka, don ya tuna ba a ganin hasken nan sai a cikin duhun babban ɗakin. Sannan ya zana tanderun a karkace daga sama, da tukunyar zubi a ƙasa, da mutane biyar a tsaye. Tsakiya ya bari na ƙarshe. Ba ya iya aiki sai daga hantsi zuwa azahar, lokacin da rana ke shigowa rumfar sosai, kuma sai ya kai fuska dab da katako, har karan hancinsa ya riƙa ɗibar fenti. In hadari ya taso, aikin ranar ya ƙare ke nan. Rubutun jikin gwangwani ya daina karantuwa gare shi, sai Asibi ce ke barin tukunyarta ta jera masa su kowace safiya, fari a dama, rawaya na biye, tana mita tana jerawa.

Kwana tara ya yi. A rana ta tara ya ja da baya ya kalla, ya ga wani haske dishi-dishi yana saukowa cikin duhu, zuciyarsa ta ce masa shi ne.

Wadda ta fara tsayawa Inna Kyauta ce, wata dattijuwar Bafulatana da ke kawo nono tasha daga rugarsu ta wajen Kiru. Ta sauke ƙwaryarta, ta kalli ƙyauren, ta washe baki.

"Kaɗo, ashe kana da hankali. Wa ya nuna maka yadda ake juye nono?"

"Nono, Inna?"

"To mene ne in ba shi ba? Ga ƙwarya a karkace, ga masu jira. Kuma na damina ne, ka ga yadda ya yi maiƙo-maiƙo. Allah ya yi maka albarka."

Ta kira 'yan'uwanta, suka taru suna nunawa. Masu faci suka zo, makanikai suka zo, kowa ya ce lallai nono ne, kuma ba a taɓa ganin mota mai irin wannan zane ba. Rufa'i ya fi kowa murna. Ya ce wannan ai alamar arziki ce, tun daga ranar ma aka sa wa motar suna Mai Nono. Aka yi ta yi wa Ɗanliti sannu da aiki, yana amsawa. A ransa kuwa wannan yabon ya fi zagin farko ciwo, don waɗancan ko ba komai sun ga wuta. Ya zauna kan benci, ya ji duk ƙarfinsa ya tsiyaye. Asibi ta kalle shi ta gane, ta zubo masa abinci ta ajiye a gabansa.

Washegari da hantsi inji ya tashi. Saura a ɗaura ƙyauren, sai aka ga ƙarafan da ke riƙe shi sun tsage, Rufa'i ya je ya ɗauko mai walda. Uba sunansa, bai fi wata biyu da kafa injinsa a tsallaken titi ba, gajere ne kakkaura mai furfura a gemu, bai taɓa zama da Ɗanliti ba sai gaisuwar hanya. Ya shigo rumfar da kayan aikinsa, ya yi sallama, ya sunkuya zai duba ƙarfen, sai ya miƙe. Ya daɗe a tsaye.

"Wa ya yi wannan?"

"Ga shi nan zaune," in ji Rufa'i. "Ka ga nono kamar ka sa ludayi ko?"

Uba bai kula shi ba. Ya juyo wajen Ɗanliti, ya kalli hannayensa, sannan ya ce, "Malam, a ina ka yi aikin tanderu?"

Ɗanliti ya ji tambayar har cikin ƙashinsa. Ya faɗa masa. Uba ya ce shi a Kudu ya yi nasa, shekara tara a gindin tukunyar zubi, har ranar da su ma aka ce za a neme su. Ya sake komawa ga zanen, ya bi mutanen biyar da yatsa ba tare da ya taɓa ba, ya ce na biyun nan ya matsa kusa da yawa, zai sha tartsatsi.

"Amma Malam, in ba za ka ji haushi ba, ƙarfen nan da saura. Akwai rawaya a jikinsa. In aka zuba shi haka, daskarewa zai yi a bakin tukunya."

Ɗanliti ya miƙe ya kai fuska dab da katakon. Fari yake gani. Amma ya san gaskiya mutumin ya faɗa, don ya daɗe da lura ko farar rigarsa ta salla ruwan ƙasa-ƙasa yake ganinta yanzu. Idon ya daina raba fari da abin da ya kusa fari, shi kuma ya yi ta ƙara rawaya a fentin bai sani ba. Shekara biyar ba a taɓa zuba ɗanyen ƙarfe da izininsa ba, ga shi ya zuba a kan katako.

"Rufa'i, ka ba ni rabin sa'a."

"Baba, masara na jirana a Doguwa, ga hadari. Kuma ni ban ga abin da ya samu zanen ba."

"Waldar ma za ta ci rabin sa'a," in ji Uba, alhali ko injin bai jawo ba. Rufa'i ya duba agogo, ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya tafi shan shayi.

Asibi ta miƙo gwangwanin fari. Ɗanliti ya tsoma buroshi, ya ɗaga, sai ya tsaya da hannu a sama. Bai san inda zai sa ba. Duk tsakiyar zanen abu ɗaya ce a wurinsa. Ya ji kunya ta rufe shi, shi da ake tsayar da kamfani guda sai ya ɗaga hannu.

"Malam Uba, sai ka zama idona."

Uba ya matso ya tsaya bayan kafaɗarsa. "Sama kaɗan. Nan, daga leɓen tanderu. Sauko a hankali. Kada ka taɓa gefe, gefen daidai yake, can ne ya fara hucewa. Tsakiyar kawai. Ƙara. Ƙara dai."

Hannun bai manta ba. Ya sauko da layin tun daga sama har cikin tukunya, ya koma ya sake, Uba yana cewa dama, yana cewa ya isa nan, yana cewa ɗan ɗiga a fuskar ƙarfen inda ya taru. Babu wanda ya taru kallo wannan karon, masu faci suna can suna dukan taya. Can Uba ya ce ya tsaya. Ya ja da baya har bakin rumfa, inda rana ta faɗo kan katakon, ya ƙanƙance ido, ya kai tafin hannu goshi.

"Ya nuna?" in ji Ɗanliti.

"Yanzu kam ba ya kalluwa."

Ɗanliti ya juyo idon dama, ya duba, ya sake dubawa. Bai ga bambanci ko kaɗan ba tsakanin yanzu da ɗazu. Abin da ya yi shekara shida yana nema yana gabansa, tsawon hannu ɗaya, kuma sai dai ya karɓi maganar mutumin da bai taɓa zama da shi ba sai yau. Ya karɓa. Ya ce alhamdulillahi, ya laluba bayansa ya sami bencin ya zauna.

Aka yi walda, aka ɗaura ƙyaure fentin bai gama bushewa ba. Rufa'i ya leƙa ya ce nonon ya ƙara kyau, ya hau ya tayar. Uba ya tsaya bakin titi yana bin motar da kallo har ta sha kwanar Tudun Wada. Ɗanliti bai fito ba, don ganinsa ba ya wuce rumfar masu faci. Ya jawo gwangwanin kananzir ya wanke buroshin sosai, ya matse, ya miƙa wa Asibi ya ce ta adana, ko wani zai buƙata.